Gwiwata da Wankan Azumi

Na san yadda kuke ba da labarin nan idan kun haɗu ba na wurin. Kuna cewa taurin kai ne ya cinye wa Umma gwiwa, an yi mata aiki mai kyau ta tashi ta ɓata shi da kanta. Jikoki ma sun ɗauka, har ƙaramar cikinsu ta taɓa tsare ni da ido ta ce, "Hajiya, wai ke ba kya jin maganar likita?" Na yi dariya a lokacin, amma abin ya tsaya mini a rai. Duk sanda na buɗe baki zan yi bayani sai wani a cikinku ya ce, "Umma, ya wuce, a bar maganar." To, a kan takarda babu mai katse ni. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da 'ya'yan mutane a firamare, na san yadda ake sa aji ya yi tsit, nawa 'ya'yan ne kawai suka gagare ni.

Sai na fara da Azumi, wadda kuke kira Gwaggo Azumi ko da yake babu jinin da ya haɗa mu. Ita 'yar Dagumawa ce, a can aka haife ta, a can ta yi aure, a can take soya ƙuli-ƙulinta. Ni kuma ina nan Sabon Gari a gidan mahaifinku. Abin da ya haɗa mu wankan gawa ne. Kakarku, mahaifiyar Malam, ita ce mai yi wa matan wannan yanki wanka idan sun rasu, kuma tun ina da goyon farko take jana in riƙe mata buta. Da ƙarfinta ya ƙare sai aikin ya faɗo kaina. Wata rana aka kira ni wani gida a Kausani, na rasa mai zuba mini ruwa, matan gidan kowa ta noƙe. Sai wata doguwa mai faffaɗar kafaɗa ta miƙe daga cikin masu zaman makoki, ta ɗaure zaninta ta ce, "Mu je, Malama, ai ba ta cizo." Tun daga ranar ba a ƙara kiran ɗayarmu ba tare da ɗayar ba.

Wannan aiki na mutum biyu ne. Ɗaya tana wankewa, ɗaya tana zuba ruwa tana taya juyawa, kuma a ƙasa ake yinsa, a durƙushe, daga farko har ƙarshe. Ni ce mai wankewa. Kun san Azumi da surutu, mace ce da idan ta shigo gida kaji ma sai sun san ta zo. Amma da zarar an saki labule a bayanmu sai ta zama wata daban, ko tari ba ta yi. Ban taɓa ce mata zuba ba, ban taɓa ce mata tsaya ba. Hannuna take kallo. Kafin in buɗe tafina ruwa ya iso, kafin in sa hannu a kafaɗar mamaciya ita ta riga ta tallafi ƙugu. Idan mun fito ba ma maganar abin da muka gani, ko a tsakaninmu, domin jikin mamaci amana ne. Sai dai mu biya bakin gada ta sayi soyayyen kifi, ta ce baƙin ciki da yunwa ba sa zama ciki ɗaya, dole a kori guda. A nan bakin gadar ne wata rana, tana cire ƙaya daga haƙori, ta ce da ni:

"Malama, wadda ta riga tafiya a cikinmu, ɗayar ce za ta wanke ta. Ba na so a kawo mini masu gaggawa."

Na ce, "Ke da wannan jikin naki, wa zai iya juya ki?"

Ta ce, "Sai ki fara cin abinci tun yanzu."

Muka yi dariya, amma daga ni har ita mun san an ƙulla.

Gwiwata ta dama ta fara ciwo tun kafin in yi ritaya. Da farko idan na tashi daga durƙuso ne take ƙara, sai Azumi ta ce ƙofar ɗakina tana neman mai. Daga baya ta koma kumbura, har ta kai idan na gama wanka sai Azumi ta ɗago ni kamar buhu. Na sha saiwoyi, na shafa man zafi iri-iri, na je wurin mai ɗori ya ce shi karaya ya sani. Shekarar da mahaifinku ya rasu ta zagayo, abin ya kai ina sujada ina hawaye, ba don tsoron Allah kaɗai ba. A nan ne Yayanku, wanda ko a takarda ba zan kama sunansa ba, ya zo da mota ya ce ba shawara ya zo yi ba, Kano za mu.

Likitan ƙashin da muka gani mutum ne mai haƙuri, ba zai girmi Yayanku ba. Ya duba hotunan da aka ɗauka, ya jawo wata gwiwar roba daga kan teburinsa ya buɗe ta a gabana.

Ya ce, "Mama, kin san farin abin nan mai santsi da ke kan gaɓar ƙashin rago, wanda yara ke son gwaguya?"

Na ce, "Guringuntsi. Likita, na koyar da kiwon lafiya a aji shida."

Ya yi murmushi ya ce to ya huta. Ya nuna mini cewa shi ne shimfiɗar da ke hana ƙashi gogar ƙashi, kuma nawa ya cinye a wuri guda, ta gefen ciki, sauran da sauƙi. Matsalarsa, in ji shi, jini ba ya ratsa shi, shi ya sa idan ya cinye ba ya toho da kansa kamar fata. Sai ya jero mini hanyoyin da suke bi. Akwai wadda ake yanko ɗan guringuntsi daga inda nauyi ba ya hawa a dasa a inda ya cinye. Akwai wadda ake gyara tsayuwar ƙashin ƙafa don nauyi ya koma gefen da ke da lafiya, amma ya ce tawa ƙafar ba ta gwame ba, ba ta buƙatar wannan. Akwai wadda ake shiga ta 'yan ƙananan ƙofofi da na'ura mai ido, a kankare wurin, a yi wa ƙashin huji ƙanana, jini da ɓargo su tsattsafo su daskare a wurin, a hankali wannan daskararren ya zama sabuwar shimfiɗa. Sai ta ƙarshe, a cire gaɓar gaba ɗaya a sa ta ƙarfe.

Yayanku ya ce, "A sa ta ƙarfen kawai, likita, a huta gaba ɗaya."

Ni kuwa tambaya ɗaya na zo da ita. Na ce, "Da wacce zan iya durƙusawa?"

Likita bai yi mini ƙarya ba, wannan na shaide shi har gaban Allah. Ya ce da ta ƙarfe zan yi tafiya ba ciwo, amma durƙuso irin wanda nake nufi, gwiwa a ƙasa na tsawon lokaci, ba zai yi mini alkawarinsa ba. Hujin kuwa ya fi karɓar masu ƙuruciya, a shekaruna yana iya kamawa yana iya ƙi, kuma ko ya kama sabuwar shimfiɗar ba ta kai wadda Allah ya halitta ƙwari ba. Amma idan an dace, gwiwata ce tawa, za ta lanƙwasu. Sharaɗin shi ne kusan wata biyu ba zan ɗora mata nauyi ba ko kaɗan. Za a riƙa lanƙwasa mini ita a hankali ina kwance, amma ba taku, ba tsuguno, ba durƙuso. Ya ce in ɗauke ta kamar sabon daɓe, wanda ya taka shi da ɗanye ya bar sawu har abada.

Na ce a yi hujin. Sai da muka wuce Mariri a hanyar gida Yayanku ya ce, "Umma, saboda wankan nan ne ko?" Na ce saboda sujada ne. Gaskiya na faɗa, amma rabinta.

Aikin kansa ba ni da labarinsa, allura aka yi mini a baya, na ji ana ƙwanƙwasa kamar ana gyaran kujera a maƙwabta. Abin da ya biyo baya shi ne labari. Na ƙi zama a Kano, na ce a mai da ni ɗakina. Saratu, ke ce kika baro mijinki da shagonki kika zo kika zauna da ni, kuma ban manta ba. Ke kike lanƙwasa mini ƙafa safe da yamma kina ƙirgawa da Turanci kamar likita yana jin ki. Ke kika kawo kujerar nan mai rami a tsakiya, wadda na yi kwana biyu ina gaba da ita kafin in sallama. Makon farko gidan ya cika da 'yan dubiya har tabarmi suka yi kaɗan. Daga nan damina ta kankama, kowa ya koma gonarsa, ƙafa ta ɗauke. Sai ni da farar kujerar roba da sanduna biyu a jingine da bango. A kan kujerar nake salla, ina sunkuyar da kai ga iska, ina jin kamar ban yi ba. Tsakar gidan da na share shekara da shekaru na koma kallonsa ta taga. Ban taɓa sanin yini yana da tsawo haka ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ranar da aka yi rasuwa a bayan layinmu. Na ji salati, na ji kukan mata, na gyara ɗaurin ɗankwalina ina jiran sallama kamar yadda na saba. Har aka ɗauki gawa babu wanda ya leƙo. Sun yi daidai, me zan yi musu? Amma na zauna da ɗankwali a ɗaure har azahar, kuma na yi kuka, ba na mamaciyar ba.

Da la'asar sai ga Azumi, ita aka kira. Ta shigo da kifi a ƙunshe da ƙuli-ƙuli a leda, ta zube a kan tabarma tana haki.

Ta ce, "Malama, yau na ga ta kaina. An haɗa ni da wata mai zuba ruwa kamar tana ban-ruwan tumatir. In ce zuba ta tsaya, in ce tsaya ta zuba."

Na ce, "Yau kin san darajata."

Ta ce, "Darajar me? Mutumin da ya kai ƙashinsa aka huhhuda don ya warke? Ni dai a garinmu abin da ya huje ɗinke shi ake yi."

Muka ci kifi. Amma ina kallon ƙafafunta. Sun kumbura har silifas ya nutse, ga hakin bai sauka ba ko da ta huta. Na sha ganin irin wannan kumburin, kuma kun san a ina nake ganinsa. Na ce mata ta je asibiti, na ce zan sa Yayanku ya kai ta. Ta ce sai an gama noman gyaɗa, wa zai bar gona a wannan lokaci? Da za ta tafi ta dafa ƙofa ta juyo, babu wasa a fuskarta, ta ce, "Ke dai yi sauri ki warke." Ta fita tana tsokanar Saratu a tsakar gida, wai ta rame don kewar miji.

Ban kai rabin wa'adin da likita ya ɗiba mini ba. Wata safiya da hantsi na ji sallama a zaure. Wanda ya yi irin aikina ya san sallamar mai kiran wanka, tana da sanyi, kuma mai yinta ba ya maimaitawa da ƙarfi. Muryar Isuhu ce, babban ɗan Azumi. Saratu, kin fita da sauri, na ji kina magana ƙasa-ƙasa, na ji kin ce, "Wallahi ba za ta iya ba, kada ma ta ji." Ban ga laifinki ba, haka ake yi wa marar lafiya, a ɓoye masa mutuwa har ya samu ƙarfi. Amma ni ba a ɓoye mini mutuwa, na fi ku saninta. Na ɗaga murya na ce Isuhu ya shigo.

Ya durƙusa a bakin ƙofa, idonsa ja. Ya ce, "Malama, Inna ta cika bayan asuba. Ta ce in faɗa miki ko ba za ki iya zuwa ba, don kada ki ji a bakin mutane."

Na ce, "Haka ta ce? Ko ba zan iya zuwa ba?"

Ya ce haka ta ce.

Ku lura da wannan, domin a nan kuke kuskure. Azumi ba ta ɗaure ni ba, ta sake ni da bakinta. Ni ce ban saki kaina ba. Na ce Saratu ta miƙo mini sanduna da mayafi. Maimakon haka kika kira Yayanku a waya kika manna mini a kunne.

Ya ce, "Umma, don girman Allah. Akwai mata a Dagumawa, akwai malaman Islamiyya. Gwaggo Azumi ta riga ta tafi, ba za ta san wanda ya wanke ta ba. Ke kuwa kina da rai, kina da ƙafa ɗaya da ake lallaɓawa."

Na ce, "Ita ba za ta sani ba. Ni zan sani."

Sai na yi masa alkawari, kuma da niyyar cikawa na yi shi, cewa a kan kujera zan zauna, ƙafar a miƙe, hannu kawai zan sa. Ya ce, "Allah ya kiyaye," ya kashe wayar ba sallama, abin da bai taɓa yi mini ba.

A-daidaita-sahu Isuhu ya samo, aka kwantar da ƙafata a kan kujerar baya. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, hanyar duk taɓo, gero ya kai ƙugu dama da hagu. Da muka isa matan gidan suka buɗa mini hanya, na ji wata tana cewa, "Ai ga Malama nan, dama mun san za ta zo." A bayan ɗakin Azumi aka kewaye da zana, aka kwantar da ita a kan tsohon ƙyaure, a ƙasa, kamar yadda ake yi wa kowa. Na tambaya ko akwai wani benci mai faɗi da za a ɗora ƙyauren a kai. Aka duba babu, kuma maza sun aiko cewa an gama haƙa, ga hadari yana haɗowa ta gabas. Sai na ce a kawo mini kujera 'yar tsuguno. Balaraba, 'yar Azumi, ita ta ɗauki buta, ba ta taɓa yi ba. Ke kuma Saratu kika tsaya a bayan zana riƙe da sandunana, kin ce ƙafarki ba za ta iya shiga ba.

Da farko komai ya tafi yadda na tsara. Na zauna, ƙafar dama a miƙe a gefe, na naɗe hannuna da ƙyalle, na yi abin da ake fara yi, na yi mata alwala, na tsefe mata kitso na wanke kan da ruwan magarya. Sai aka zo juyawa. Azumi mace ce mai jiki, kuma ƙyauren ya jiƙe yana santsi. Na ce da Balaraba ta ajiye buta ta tallafi ƙugu. Yarinyar ta sa hannu, amma da fuskar uwarta ta juyo gare ta sai hannun ya saki. Na ga Azumi tana zamewa za ta faɗa cikin taɓo, zanen da aka rufe ta da shi yana bin ta yana buɗewa. Ban yi tunani ba, ban yi shawara da kowa ba. Na ji ni a ƙasa a kan gwiwoyi biyu, na rungume ta a ƙirjina, na ja zanen na rufe ta.

Babu wata ƙara da na ji. Zafi ne kawai ya taso daga cikin gaɓar, kamar an zuba mini ruwan zafi a ciki. Na san abin da ya faru. Na kuma san cewa komawa kan kujera ba zai mai da shi ba, don haka na zauna a durƙushe na yi aikina yadda na saba, dama sannan hagu, ba gaggawa, har na kai wankan ƙarshe mai kafur. Na yi mata kitso uku na kwantar a bayanta.

Ba zafin gwiwar nake so ku sani ba. Abin da nake so ku sani shi ne, ina cikin wankan sai na buɗe tafina ina jira, ruwa bai zo ba. Na ɗago kai don in ga me ya sami mai zubawa, sai na ga Balaraba tsaye da buta tana jiran umarni. Mai zuba mini ruwa tana kwance a hannuna. A nan ne mutuwar ta shige ni, ba a bakin Isuhu ba. Na ce, "Zuba." Haka na yi ta faɗa har muka gama, zuba, tsaya, zuba, kuma kowace faɗa sai na ji kamar yanzu aka kawo mini labarin.

Da aka sa ta a likkafani na nemi tashi na kasa. Dole kika shigo, Saratu, kin kawar da kai gefe, ke da Balaraba kuka ɗago ni. Maza suka ɗauke ta kafin ruwa ya sauko.

Kafin yamma gwiwar ta yi suntum. Aka mai da ni Kano, aka zuƙe ruwa, aka ce a jira a gani. Muka jira watanni. Na yi duk abin da aka ce, ban ƙara saɓa ko ɗaya ba, amma da aka sake ɗaukar hoto sai likita ya ce shimfiɗar ba ta kama ba, wurin yana nan kusan yadda yake. Yayanku ya tashi ya fita daga ofishin, ya ce zai amsa waya. Don haka bai ji abin da ya biyo baya ba, kuma ban taɓa samun wanda zai tsaya in faɗa masa ba. Na tambayi likita ko durƙuson ne.

Ya ce, "Mama, bai taimaka ba, wannan gaskiya ne. Amma ba zan rantse cewa shi ne ba. Na ga waɗanda suka kiyaye komai bai kama ba. Tun farko na ce miki sai an dace."

Ba na kawo wannan don in wanke kaina. Ko da ya ce durƙuson ne ɗari bisa ɗari, da za a sake mai da ni bayan zanar nan, da na sake sauka. Na kawo shi ne don ku daina ba da labarin kamar kun san abin da likita ma bai sani ba.

Daga baya aka sa ta ƙarfen, kamar yadda Yayanku ya so tun farko, kuma Allah ya saka masa, bai taɓa ce mini ai na faɗa ba. Sai dai tun daga shekarar gaisuwarsa ta gajarce, yana zuwa da kaya niƙi-niƙi, ya tambayi ƙafa, ya tambayi magani, ya duba agogo. Ciwon ya tafi, ina takawa har bakin titi. Amma ƙasa ta yi mini nisa. Rabon goshina da tabarmar salla tun kafin aikin farko, rabon gwiwata da ƙasa kuwa tun bayan ɗakin Azumi. Yanzu matan Islamiyya ne ke wankan, sun koya a littafi, suna sa safar hannu, kuma na ji an ce suna kyautatawa. Babu mai yi mini sallamar nan mai sanyi. Idan an yi rasuwa a unguwa sai dai in ji a lasifikar masallaci kamar kowa. Wani lokaci ina zaune da la'asar sai in ji wani abin dariya ya zo mini, in juya in faɗa, babu wanda zai gane shi duk faɗin garin nan. Kaɗaici ne, ba na ɓoye muku, kuma ba irin wanda cikar gida da jikoki ranar salla ke magancewa ba ne.

Ba na neman ku ce na yi daidai. Wani abu nake nema, kuma sau uku ina ɗauko shi a baki ana cewa in daina irin wannan magana, kamar ambaton mutuwa ne zai kawo ta. Matan Islamiyyar nan 'ya'yan kirki ne, amma ba su san ni ba, ban san su ba. Na rufa wa matan garin nan asiri iya ƙarfina, ba na so ranar tawa a ɗaga labule baƙin hannu ya shigo. Aikin ba shi da wuya, a kan kujerar nan zan koyar da shi cikin yini ɗaya, da buta da zane da matashin kai. Tsoron ma na ranar farko ne kawai. Abin da yake buƙata mace ce da ta san ni, wadda za ta iya sauka ƙasa ta zauna har a gama.

Saratu, ranar da kika zo kina share mini ƙarƙashin gado na zuba miki ido. Gwiwoyinki biyu lafiyarsu ƙalau.